Kwandon Inna Zinariya

"Ba zan karɓo su ba, Alhaji."

Alhaji Nagoda ya ɗago kai daga wayarsa a hankali, kamar wanda aka kira da sunan da bai saba ji ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan da ya kafa kamfaninsa a unguwar Kwangila, inda ake niƙa yaji da kuka da daddawa ana ɗurawa a leda mai tambari, kuma ba a taɓa ce masa a'a a cikin wannan ofis ba.

"Malama Bahijja, ina jin ba ki gane ba. Bari in sake faɗa. Ranar Litinin za ki shiga mota da direba, ku bi gidajen matan nan na Tudun Wada da ke yi mana daddawa. Kowace mace ki ba ta sababbin robobi biyu masu murfi, ki karɓo tsofaffin kwandunanta da tsummokin da take rufa kalwa da su. A kawo nan bayan kamfani a cinna musu wuta."

"Na gane tun farko, ranka ya daɗe."

"To mene ne na gardama? Mutanen Legas za su turo masu dubawa su ga inda ake yin kayan. Manyan kantuna suke kai wa. In suka shiga gida suka ga baƙin kwando da tsumman da ya girme ki, kina ganin za su tsaya gaisuwa ma?"

Bahijja ta gyara tsayuwa. Ita ce mai duba ingancin kaya a kamfanin, shekara biyu ke nan, kuma ta san farar rigar da ke jikinta ta yi mata kyau. Ta ce, "Abin da ke mayar da kalwa daddawa a jikin kwandon yake zaune. Ƙananan halittu ne, ido ba ya ganinsu. In aka ƙona kwandon an ƙona su. Roba ba ta numfashi, ruwa zai kwanta a ƙasanta, kalwar ta ruɓe. A bar ni in yi wa masu dubawan bayani, yarensu na karanta."

"Na ɗauke ki aiki don ki tsabtace mini kaya, ba don ki zama lauyar tsummokara ba."

"Kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi, Alhaji. Amma wannan rumbun ba naka ba ne."

Nan fuskarsa ta canja. Ya ajiye wayar a kan tebur, ya ce ko ta shiga motar ranar Litinin, ko ta ajiye masa rigarsa yanzu. Bahijja ta cire rigar, ta ninke ta gida huɗu kamar za ta kai guga, ta ɗora a gefen wayar, ta yi masa sallama yadda ya kamata. Ta fito ta shiga keke mai zuwa Tudun Wada.

Ba daga littafi kaɗai ta san maganar kwandon ba. Kuskure ne ya koya mata.

Kakarta ta wajen uba, Inna Zinariya, ta fi shekara hamsin tana daddawa a wani lungu da ke bayan kasuwar Tudun Wada. Shekarar da Bahijja ta gama jami'a, da digirin kimiyyar abinci da kai a sama, ta zo gidan ta tarar Inna ta tafi suna. Ta dubi kwandunan nan baƙi ƙirin, masu danƙo, ta ji kunya ta kama ta a ce wannan gidan kakarta ne. Ta sayo bilic da soso, ta dirje su ɗaya bayan ɗaya har hasken kaba ya fito, ta tafasa tsummokin, ta shanya, ta zauna tana jiran yabo.

Inna ba ta yi faɗa ba. Ta zuba dafaffiyar kalwa a cikin wankakkun kwandunan kamar kullum, ta rufe. Bayan kwana uku ta kira jikarta ta ce ta buɗe da hannunta. Kalwar tana nan sanyi ƙalau, ta yi tsami, wani wuri ta yi kore. Buhu guda ya tafi juji.

"Likitar daddawa," in ji Inna, tana dariya har da hawaye. "Kin yi wa mai lafiya allura ya mutu."

Kwando ɗaya ne ya tsira, wanda ke rataye a ƙuryar ɗaki, shi ne na mahaifiyar Inna. Da shi aka farfaɗo da sauran. Bahijja ta kankare ɗan abin da ke jikinsa ta kai ɗakin gwaji wajen wata tsohuwar malamarta. Da ta sa ido a madubin da ke girmama ƙananan abubuwa, sai ta ga gari guda, dubbai a kan dubbai, 'yan sanduna suna motsi. Ta daɗe ba ta ɗago ba. Tun daga ranar ba ta ƙara raina tsumma ba, amma sunan Likita ya bi ta.

Da ta isa gidan da labarin korar, Inna tana tsakar gida tana tura ice a ƙarƙashin tukunya.

"An kore ki ko kin kori kanki?"

"Duka biyu."

"Madalla. Dama ina neman mai daka. Ajiye jakar nan ki ɗauki taɓarya."

Mahaifinta, Malam Sadiq, bai ga abin dariya ba. Tsohon ma'aikacin gwamnati ne, a Hanwa suke zaune, kuma shi ya san abin da ya hana kansa don ta yi karatu. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce, "Masu digiri biyu suna yawo da takardu a rana, ke kin samu ofis da fanka kin zubar saboda kwando. Ki je ki ba Alhaji haƙuri."

"Baba, ban yi masa laifi ba."

"To ki je wajen kwandon ya ciyar da ke."

Ta kwashi kayanta kaɗan ta koma gidan Inna.

Kwana biyun da suka rage kafin Litinin, ƙafa ta yi aiki. Gida arba'in da uku ne ke yi wa kamfanin daddawa, daga bayan kasuwa har zuwa wajen Agoro, kuma Bahijja ta shiga kowanne. Ta roƙi matan kada su ba da kwandunansu. In ma za su karɓi robar su karɓa, amma su ɓoye ko da kwando ɗaya. Wasu suka ce to, don su rabu da ita. Wasu suka faɗa mata gaskiya: Alhaji ne mai sayen kayansu a dunƙule, ya ce wadda ba ta miƙa kwando ba ya daina sayen nata, su kuwa ba su da digirin da za su ci.

Wadda ta fi ba ta mamaki ita ce Mama Comfort, maƙwabciyar Inna, katanga ɗaya ta raba su. Shekara talatin ta yi tana aikin jinya kafin ta yi ritaya ta kama daddawa, kuma ita ce shugabar matan zumunta a cocinsu, in ta juya mata da yawa sukan juya.

"'Yata," in ji Mama Comfort, "ni da na yi rayuwata ina tafasa almakashi za ki ce wa datti magani ne? Na daɗe ina son in rabu da kwandunan nan. Ki ga robar, har da murfi. Ƙuda ma sai ya nemi izini."

"Mama, na gani da idona a madubi."

"Ni ma na ga abubuwa a madubi, kuma duk abin da na gani kashe shi muka yi."

Ranar Litinin direba ya zo shi kaɗai. Bahijja ta tsaya a bakin lungu tana kallon motar tana cika. An jibga kwanduna har sun fi kan motar tsawo, an ɗaure da igiya, tsummoki suna reto a gefe. Mata suna tafe da robobi shuɗi da ja a ka kamar masu kai kayan gara. Da direban ya yi sallama a ƙofar Inna, daga ciki ta amsa masa.

"Ka gaida Alhaji. Ka ce masa kwandon nan ya ga zamanin da kakansa ke tallan gyaɗa."

Kwana uku ake rufe kalwa. A rana ta huɗu lungun ya tashi da wani wari da ba a san shi da shi ba. Daddawa tana da nata warin, mai ƙarfi, wanda baƙo kan toshe hanci ɗan gida kuwa ya ji yunwa. Wannan daban ne, warin abin da ya mutu a cikin ruwa. Mata suka yi ta fitowa da robobi suna juyewa a kwata. Aka ce ko kalwar ce ba ta dahu ba, aka sake. Na biyu ya fi na farko lalacewa. Wasu suka huda ƙasan robar da ƙusa mai zafi, suka samu wani abu mai kama da daddawa a ido, amma in an jefa a miya sai ka rantse ba a sa komai ba.

Masu dubawa daga Legas ba su ma taka Tudun Wada ba. Da Alhaji ya ga kayan sun ƙi, sai ya sa aka share wani ɗaki a kamfani, aka jera farantan silba, aka dafa waken suya aka barbaɗa masa sinadarin ƙamshi. Nan aka zaga da baƙin. Daga wannan mako motar kamfani ba ta sake zuwa bakin lungu ba.

Sai unguwar ta yi shiru. Bahijja ba ta taɓa sanin yawan abin da ke rataye a jikin daddawa ba sai da ta tsaya. Mai icen da kan sauke amalanke uku a bakin lungu ya koma sauke ɗaya. Matan ƙauye da ke kawo kalwa daga wajen Giwa ranar kasuwa suka zauna a kan buhunansu har la'asar suka koma da su. Mai ruwan da ke cika randunan wanke kalwa ya koma wata unguwa. Masu keke da suka saba jiran lodi da safe suka watse. Ko sautin taɓarya, wanda kan fara tun hantsi daga gida zuwa gida, ya rage saura na gidan Inna.

Wata Laraba da hantsi Bahijja tana wanke kalwa a bakin rijiya aka yi sallama. Mama Comfort ce, riƙe da sabon kwando fari tas, ko ƙura bai sha ba. Bahijja ta miƙe, ta tsaya a tsakiyar hanya da jiƙaƙƙun hannuwa.

"Mama, ina kwana. In ce ko ƙudan ya samu izinin?"

"Ya samu, 'yata. Har da danginsa."

"Gida arba'in da uku na shiga. Babu wadda ta ji. Aikina na bari a kan kwandunanku, kuka ɗora su a mota kuna guɗa. Yanzu kuma namu ake so?"

Mama Comfort ta riƙe kwandonta da hannu biyu. Daga ƙarƙashin rumfa Inna ta yi gyaran murya.

"Likita, matsa."

"Inna, su ne fa suka..."

"Na ce matsa. Ƙofar taki ce? Comfort, shigo, kada ki kula ta, yunwa ke damunta."

Da suka zauna, Inna ta juya ga jikarta. "Abin da ba a rubuta a littafinku ba ke nan. Kwandon daddawa ba a sayar da shi, ba a kuma hana shi. Mace in nata ya mutu, ko gobara ko ambaliya ko wautar jika, sai ta sayo sabo ta zo ƙofar wadda nata ke da rai. Ko ba ku ga maciji da juna, ba za ki mayar da ita ba. Ita kuma in nata ya kama, duk wadda ta zo mata ta ba ta. Uwata ma ba ita ta ƙago shi ba, a wajen wata ta karɓa."

Ta shiga ƙuryar ɗaki ta fito da tsohon kwandon. Ya yi baƙi har yana sheƙi, an ɗinke bakinsa da fata a wuri uku. Ta sa sabon a cikinsa, ta shimfiɗa ganye, ta juye kalwa mai tururi, ta yayyafa toka kaɗan. Ta ɗauko tsumman rufi ta yage gefe guda da haƙori, ta ɗora a kai, sannan aka lulluɓe duka da buhuna aka tura lungun ɗaki.

Bayan kwana uku Mama Comfort ta dawo. Inna ta ce mata ta cusa hannu ƙarƙashin buhunan kafin a buɗe. Ta cusa, sai ta tsaya cak.

"Zafi," ta ce a hankali. "Kamar goshin mai zazzaɓi. Shekara tara ina wannan sana'a ban taɓa tsayawa na tambayi kaina wa ke hura wutar ba."

Bahijja ma ta sa nata hannun. Ta san sunan abin a Turance, ta san yadda ake auna shi, ta taɓa rubuta jarrabawa a kansa. Duk da haka ta kasa janye hannun. Babu wuta, babu rana, ɗaki ne mai duhu da tsumma, amma ga zafi yana fitowa daga cikin kalwa kamar numfashi. Da aka yaye rufin, yauƙi ya biyo hannun Inna zare-zare, warin nan na ainihi ya cika tsakar gida ya haura katanga.

Mama Comfort ta rungumi kwandonta ta fita. Kafin ta kai ƙofarta mata biyu suna jiranta da nasu sababbi.

Abin da ya biyo baya Bahijja ba ta taɓa ganin irinsa ba, kuma babu wanda ya shirya shi. Ba a yi taro ba, ba a naɗa shugaba ba. Gidan Inna ya ba gida ɗaya, gida biyu suka ba huɗu. Sabon kwando yakan so a rufa kalwa a cikinsa sau biyu kafin ya iya raya wani, don haka abin ya tafi a hankali da farko, sannan ya ɓarke. Da safe sai ka ga mace da mayafi ta fito da kwando a ka ta shiga gidan da ake rera waƙar coci, da yamma ka ga wata da ɗankwalin zumunta ta fito daga gidan liman da yankin tsumma a hannu kamar ta ɗauko jariri. Matan da suka shekara ba sa gaisawa saboda faɗan kwata suka tsaya a ƙofar juna. Tsumman Inna ya yi ta raguwa har ya koma kamar tafin hannu, amma 'ya'yansa da jikokinsa sun kai Agoro.

Bahijja takan bi lungunan da hantsi don kawai ta ji. Yau taɓarya a gida uku, jibi a gida bakwai. Mai ice ya dawo da amalanke biyu. Wani tsoho mai saƙar kaba a bakin kasuwa, wanda ya ce rabonsa da ciniki irin wannan tun yana saurayi, ya kira ƙaninsa daga ƙauye ya taya shi. A jami'a an koya mata abubuwan da ke ɗaga arzikin ƙasa: jari, wutar lantarki, hanya, manyan injuna. Ta haddace su ta ci jarrabawa. Ga shi yanzu tana kallon unguwa guda tana miƙewa daga kwance, masu ice da masu ruwa da masu keke da manoman da ba su taɓa ganin lungun ba, duk a kan wani abu da ido ba ya gani, wanda wata mata da ba a san sunanta ba ta fara kiwo a cikin kaba tun kafin a haifi Inna.

Sai dai daddawa ta dawo, mai saye bai dawo ba. Damina kuma ta sauka. A shanya da safe, hadari ya haɗo kafin azahar, a kwashe a guje. Wadda ba ta bushe ba ta yi fumfuna.

Bahijja ta ɗauki wannan a kanta ba tare da wani ya ɗora mata ba. Takan tattara na gidaje a kwali, ta ɗora a keke, ta bi masu tuwo-tuwo na bakin tasha, da masu dafa wa ɗalibai abinci a wajen harabar jami'a ta Kongo, da 'yan koli na Sabon Gari. Takan buɗe kwalin ta ce a shinshina. Wasu suka saya, wasu suka ce ta leda ta fi araha kuma ba ta sa shago wari. Wata rana a cikin keke wata mata ta toshe hanci da mayafi ta ce wa direba ya sauke ta, ba za ta iya zama da gwano ba. Wata rana kuma ta yi kiciɓis da abokiyar karatunta ta fito daga banki da takalmi mai tsini, ita kuwa taɓo har ƙauri.

"Bahijja? Ke ce kuwa? Me kike ɗauke da shi haka?"

"Daddawa. Ta kalwa zalla. Nawa za ki saya?"

Ba ta sunkuyar da kai ba, amma da ta koma gida ta daɗe a bayan ɗaki kafin ta fito. Inna ta dube ta, ta tura mata kwanon tuwo, ba ta tsokane ta ba ranar.

Bayan wata biyar Alhaji Nagoda ya zo da kansa. Motarsa ba ta iya shiga lungun ba, ya tako da ƙafa yana tattare babbar riga. Ya durƙusa ya gaida Inna kamar ɗa na gari, aka shimfiɗa masa tabarma. Ya ce mutanen Legas sun fara ƙorafi, masu saye suna cewa daddawar ba ta kama miya. Ya ce shi ba ya jin kunyar cewa yarinya ta fi shi gaskiya.

"Ga abin da na zo da shi, Malama Bahijja. Ki dawo aikinki, da matsayin da ya fi na da. Mutanen nan suna da shirin tura ma'aikaci ɗaya ƙasar waje ya yi shekara yana koyon sarrafa abinci, na ce sunanki zan bayar. Abu ɗaya nake so. Halittun nan da kika ce suna jikin kwando, ki ɗebo su ki raya mini su a kwalba, yadda za mu riƙa zubawa a manyan tukwane a kamfani. Za ki iya?"

"Zan iya," in ji Bahijja. Gaskiya ta faɗa. Ta ma san yadda za ta fara, kuma ranta ya biya da ta ji maganar karatun, don tun tana aji uku take mafarkinsa. "In na yi, mutum nawa za ka ɗauka?"

"Huɗu sun isa. Ko biyar."

"Matan nan fa?"

Alhaji ya buɗe hannuwa. "Zamani ne. Ba ni na kawo shi ba." Sai ya juya ga Inna da murmushi. "Kuma na ji an ce a al'adarku ba a hana kwando."

"Ba a hanawa," in ji Inna. "Ka turo Hajiyarka da sabon kwandonta ta tsaya a ƙofa. In nata ya kama, duk matar da ta yi mata sallama ta ba ta. Ka yarda a riƙa yi maka sallama a kamfani?"

Alhaji ya yi dariya. Ya mayar da ido kan Bahijja. Inna ta ci gaba da tsince tsakuwa daga kalwa, ba ta ɗago ba. Bahijja ta gane an bar mata maganar ita kaɗai. Daga bayan katanga ana jin taɓaryar Mama Comfort, wata tana amsa mata daga can gaba.

"Na gode, Alhaji. Ba zan yi ba."

"Ki yi tunani. Wannan ƙofa ba ta buɗewa sau biyu."

"Na sani."

"In ba ki yi ba wani zai yi."

"Wannan ma na sani. Amma ba da hannuna ba."

Ya tashi, ya kakkaɓe rigarsa, ya yi wa Inna sallama ya tafi.

Bai yi ƙarya ba. Kafin shekara ta zagayo ya samu wani saurayi mai irin digirinta, wanda ya sayi daddawa a kasuwa ya raya abin da ke cikinta a kwalba. Shi aka tura ƙasar waje. Ledar kamfanin tana nan a manyan kantuna, an ce ma ta kai ƙetare.

A cikin gida arba'in da uku, talatin da ɗaya ne suka koma daddawa, kuma suna yi har yau, suna sayar wa masu abinci da 'yan kasuwar da Bahijja ta samo musu ɗaya bayan ɗaya. Sha biyu ba su dawo ba, asarar kalwar farko ta karya su. Ita kuwa Bahijja, shekara biyu ke nan ba ta da albashi. Ta nemi aiki a kamfanoni uku, duk ukun sun tambayi dalilin barinta na farko, ba su sake kiranta ba. Abin da take samu a wata bai kai rabin na da ba. Tafin hannunta ya yi kanta, warin kalwa ba ya barin mayafinta ko an wanke. Karatun da ta so ya wuce ta. Mahaifinta yana amsa gaisuwarta in ta je Hanwa ranar Juma'a, amma har yau bai tambaye ta yaya aiki ba.